Muhawara a kan Bert Kaempfert: Wanda ya tsara kiɗa bai rera waƙa ba, fasihi ne ko ma'aikaci?

Baba Hedimasta:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Kiɗan da na turo muku jiya da dare, wanda da yawa daga cikin dattawanmu suka ce kunnensu ya san shi tun zamanin rediyo mai batir amma ba su taɓa sanin mai shi ba, na wani Bajamushe ne da ake kira Bert Kaempfert. Sunan kiɗan A Swingin' Safari, kuma a shekarar 1962 ya fito. An haifi mutumin a birnin Hamburg ranar 16 ga Oktoba, 1923, a unguwar Barmbek wadda ta ma'aikata ce da masu ƙaramin ƙarfi, ya mutu a tsibirin Majorca na ƙasar Sifen ranar 21 ga Yuni, 1980, yana da shekara 56. Yana ɗan shekara shida mota ta buge shi, da kuɗin diyyar da aka biya ne aka saya masa fiyano, daga nan ya shiga makarantar koyon kiɗa ya ƙware a fiyano da akodiyon da kayan busa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu yana cikin 'yan badujalar sojan ruwan Jamus, bayan yaƙi kuma ya ci gaba da neman abinci da kiɗa har kamfanin fayafayai na Polydor ya ɗauke shi aiki.

Abin da ya sa na ga ya dace mu tattauna a kansa shi ne, wannan mutum bai yi suna da murya ba, kuma ko kakakin da kuke ji yana tashi a cikin fayafayansa ba shi ne yake busawa ba. Aikinsa shi ne ya zauna da takarda da alƙalami ya ƙirƙiro kari, ko ya ɗauko na wani ya sake masa fasali, sannan ya raba wa kowane makaɗi abin da zai yi, ya ce wane ne zai fara, wane ne zai shigo daga baya, wane ne zai yi shiru sai an kira shi. To, irin wannan mutum za mu sa shi a sahun fasihai yadda muke sa Shata da Narambaɗa, ko kuwa ma'aikacin kamfani ne kawai wanda ya iya aikinsa? Batun hukuncin kiɗa mun bar wa malamai, a nan maganar fasaha da haƙƙi muke yi.

Malam Na Garki:
Wa alaikumus salam. Baba, Allah ya ƙara lafiya da nisan kwana. Na saurari kiɗan da kyau, kuma ba zan ce ba shi da daɗi ba, amma da ya ƙare sai na tambayi kaina me ya gaya mini, ban sami amsa ba. Idan Narambaɗa ya yi waƙa, mutum yakan tashi da wata magana da zai riƙe har tsufansa, ya kawo ta a wurin sulhu ko a wurin nasiha kamar karin magana. Ɗanƙwairo haka, Shata haka, Ɗanmaraya Jos ma da kuntiginsa guda ɗaya ya yi wa jama'a faɗa a kan zaman aure da zaman duniya. Shi wannan kiɗa na Bature an yi shi ne domin kada ya dami kowa, a sa shi a ɗakin cin abinci na otal ko a cike gurbi da shi kafin lokacin labarai ya yi. Abin da aka yi shi musamman domin a ji shi ba tare da an saurare shi ba, ni a wurina bai kai matsayin fasaha ba, ko da kuwa mutum hamsin suka taru a kansa.

Kawu Mai Rediyo:
Malam, a nan kam ban bi ka ba. Mu nan ƙasar ai muna da kiɗan da ba a rera masa komai, kuma babu wanda ya taɓa cewa ba fasaha ba ne. Idan aka yi gayya da damina mai gangar noma ya tsaya a bakin kunya, ba wa'azi yake yi wa samari ba, amma kowa ya ga yadda hannunsa yake sa su manta da gajiya. Mai algaita a ƙofar fada ma busa kawai yake yi. Bafulatani kuma yana busa sarewarsa a bayan shanu, babu kalma ko ɗaya, amma wanda ya taɓa jin ta da yamma a daji ba zai ce ba ta gaya masa komai ba. Na shekara da shekaru ina gyaran rediyo da rikoda a rumfata, kuma irin wannan kiɗa nake sawa idan zan gwada sifika, domin a cikinsa akwai siririyar murya, akwai matsakaiciya, akwai mai kauri, kowace a wurinta, ba wadda ta danne wata. Wanda ya iya jera sauti haka ba ƙaramin mai basira ba ne.

Malam Na Garki:
Kawu, misalanka biyu na farko ni suka taimaka wa. Mai gangar noma take yake kaɗawa, kuma kowane take yana da kalmomi a ƙarƙashinsa, saurayin da aka kaɗa wa nasa ya san kirarin da ake yi masa, shi ya sa tsikar jikinsa take tashi. Algaita ma kirarin sarki take busawa, bafade yana jin ta zai fassara maka jimla bayan jimla. Kalangu magana yake yi, saboda harshenmu yana hawa yana sauka, makaɗi kuma yana matsa tsarkiya ya sassauta ta domin ya bi wannan hawa da sauka. Sarewar makiyayi kaɗai na bar maka, ita ma makiyayin kansa yake busa wa, bai ce a saya ba.

Ɗan Sutudiyo:
Iyayena, ku yi mini izini in sa baki, domin wannan aikin da Baba ya bayyana shi ne sana'ata, ko da yake tawa ƙarama ce, fiyano ɗaya da kwamfuta a wani ɗaki kusa da tasha a ƙasar Dambatta. Ina roƙon Malam ya sake sa kiɗan, amma a wannan karon ya bar karin da ke sama, ya kasa kunne ga abin da ke ƙasa. Zai ji wata jita mai kaurin murya tana tafiya ɗaya bayan ɗaya da wani sauti mai ƙas-ƙas, gajere, ba ya jan wutsiya. Mai kaɗa ta sunansa Ladi Geisler, yana tsinkar tsarkiyar da ɗan maɗauki sannan nan take ya danne ta don kada ta yi amo, kuma ana haɗa ta da babbar jitar katako wadda ake tsayarwa a ƙasa, su biyun su riƙa tafiya tare. Mai ganga kuma, Rolf Ahrens, yawanci ba da sanda yake dukan fatar ba, da wani burushi na siraran wayoyi yake sharar ta, shi ya sa ake jin ta kamar raɗa. A kan wannan shimfiɗa ne kakaki yake hawa, a bayansa kuma gogen Turawa da muryoyin 'yan amshi waɗanda ba sa furta kalma, sauti kawai suke ja.

Ba ɗaya daga cikin waɗannan da ya faru bisa tsautsayi. Mutum ɗaya ne ya zauna ya yanke shawarar cewa jitar nan ta fito gaba, gangar nan ta koma baya, kuma sakamakon shi ne ko ba a faɗi sunansa ba, mai kunne yana jin daƙiƙa biyar zai ce wannan na Kaempfert ne. Masu busa masa kakaki sun canza, Charly Tabor ne ya busa a Wonderland by Night, daga baya Manfred Moch, daga baya Ack van Rooyen, amma sautin bai canza gida ba. Idan makaɗa suna sauyawa sauti yana nan, ai an san a hannun wa fasahar take.

Ni a wurina mawaƙi yakan zo da waƙa a cikin wayarsa, ya rera ta haka nan babu kiɗa, wani lokaci ma karin yana karkacewa a tsakiya. Ni zan nemo mata ma'aunin gudu, in sa mata ganga, in zaɓi inda sarewa za ta amsa masa, in gaya wa 'yan amshi inda za su shigo, in cire baitin da ya yi nauyi. Idan waƙar ta fita ta karɓu a gidajen biki, sunansa kaɗai ake kira, ni kuwa an sallame ni tun ranar da kuɗin zama. Ba ƙorafi na kawo ba, ina so ne a gane cewa aikin yana nan ko ba a ganinsa.

Hajiya Malama:
Sannunku da ƙoƙari. Ni ba a kan ko fasihi ne ko ba fasihi ba ne hankalina ya tsaya, a kan inda ya samo kayan ne. Tun da na ji kiɗan nan na ce wannan busar ba ta Jamus ba ce. Kiɗan kwela ne na yaran unguwannin baƙaƙen fata a Afirka ta Kudu, waɗanda suke busa 'yar sarewar kwano mai arha a bakin titi a shekarun 1950, a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, kuma daga cikinsu ne aka sami irin su Spokes Mashiyane. Shi Kaempfert ya ɗauki salon, ya ba ƙwararrun masu busa ƙaramar sarewar Turawa suka kwaikwaya a cikin sutudiyo a Hamburg, ya sa wa faifan suna mai tuna wa Bature yawon kallon namun daji, ya sayar wa duniya. Yaran da suka ƙirƙiro salon me suka samu?

Kuma a cikin wannan faifan akwai Wimoweh, wadda asalinta waƙar Mbube ce ta Solomon Linda, Bazulun da ya ɗauke ta a faifai a Johannesburg a 1939. Waƙar ta zaga duniya, ta tara wa kamfanonin Amurka dukiya, shi kuwa ya mutu a 1962 cikin talauci, a shekarar da faifan Kaempfert ya fito. Sai a 2006 ne magadansa suka sami sulhu da masu riƙe da haƙƙin waƙar, bayan an kai ga kotu. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Ɗana mai sutudiyo yana cewa ba a kiran sunansa, to ga waɗanda aka fi shi zalunta, kuma mai tsara kiɗa ne a cikin waɗanda suka ci moriyar.

Ɗalibi Daga Taura:
Inna, maganarki a kan Solomon Linda gaskiya ce, babu abin da za a rage a cikinta. Sai dai ina ganin ya kamata a raba laifin a ba kowa nasa. Waƙar ta bar hannun Linda tun a Johannesburg, lokacin da kamfanin da ya ɗauke ta ya mallake ta a kan kuɗi kaɗan, sannan a Amurka ƙungiyar The Weavers ta rera ta a farkon shekarun 1950 aka buga wani sunan aro, Paul Campbell, a matsayin mai ita. Kafin ta iso teburin Kaempfert an yi shekara goma ana cinikinta a haka.

Akwai kuma wani ɓangaren a cikin faifan guda. That Happy Feeling, wanda yana cikin kiɗe-kiɗensa da aka fi sani, na makaɗin ganga ne ɗan ƙasar Gana, Guy Warren, wanda daga baya ya koma kiran kansa Kofi Ghanaba, ya rasu a 2008. Asalin sunan kiɗan Eyi Wala Dong, yana cikin faifan da Warren ya yi a Amurka a 1956, kuma da sunan Warren aka san shi a matsayin mawallafi ko bayan Kaempfert ya sake tsara shi. Skokiaan ma, wani kiɗan na cikin faifan, an san na August Musarurwa ne na Bulawayo, a ƙasar da yanzu ake kira Zimbabuwe. Ke nan inda kari yake da sanannen mai shi a rubuce, ba a ɓoye shi ba. Matsalar tana wurin salo, domin dokar haƙƙin mallaka tana kare kari da kalmomi, ba ta kare salo. Kowa yana iya yin kiɗa irin na kwela ya sa sunansa, kamar yadda ya yi a A Swingin' Safari da Afrikaan Beat, doka ba za ta ce masa komai ba.

Hajiya Malama:
Ɗana, abin da doka ta ƙyale daban, abin da ya dace daban. Wa ya rubuta dokar? Waɗanda suke rubuta kiɗansu a takarda su kai ofis a buga masa hatimi su ne suka tsara ta daidai da al'adarsu, wanda kuma ya gaji nasa daga bakin kakansa sai aka ce nasa na kowa ne. Da a ce wani zai zo Maigatari ranar Alhamis ya ɗauki kiɗan 'yan garaya a waya, ya kai Turai ya ɗora masa goge ashirin ya sa sunansa, da wannan dokar za a ce bai yi laifi ba.

Baba Hedimasta:
Hajiya, ban ƙi ta taki ba, kuma ina ganin ita ce magana mafi nauyi da aka yi tun da muka fara. Abu ɗaya zan ƙara domin a auna mutumin da ma'auni guda: abin da ya yi wa kiɗan Afirka ya yi wa na gidansu. Wooden Heart da mawaƙin Amurka Elvis Presley ya rera a 1960 tsohuwar waƙar gargajiya ce ta kudancin Jamus mai suna Muss i denn, aka sake mata tsari, sunan Kaempfert ya shiga cikin mawallafa huɗu. Kiɗan da ya fara fito da shi duniya ma, Wonderland by Night, ba shi ya ƙirƙiro karinsa ba, na Klaus Günter Neumann ne. Shi ya tsara shi ya ɗauka a 1959, kamfaninsa a Jamus bai nuna sha'awa ba, sai ya ɗauki faifan da kansa ya tafi New York ya nemi mai saye, Milt Gabler na kamfanin Decca ya karɓa, kuma a watan Janairun 1961 kiɗan ya yi mako uku yana kan gaba a jerin fayafayan Amurka. Ku duba lokacin, shekara goma sha biyar da ɗoriya ke nan da ƙare yaƙin da Jamus ta yi da Amurka, ga tsohon ɗan badujalar sojan Jamus a saman jerinsu.

Kuma shi ma an ɗauki nasa. Wani makaɗi mai suna Billy Vaughn ya sake kaɗa A Swingin' Safari a Amurka a 1962, nasa ne ya fi shiga kasuwar can. Afrikaan Beat kuwa makaɗan Jamaika suka ɗauke shi suka mayar da shi nasu, wato salon da ya tashi daga Afirka ya bi ta Hamburg ya faɗa hannun jikokin Afirka a wata nahiyar. Wannan bai biya yaran Johannesburg ko sisi ba, na sani, amma ya nuna cewa hanyar ba ɗaya ba ce mai tafiya gaba kawai.

Kawu Mai Rediyo:
Ni akwai abin da na ji a kansa da nake so a tabbatar mini, cewa shi ne ya fara ɗaukar shahararriyar ƙungiyar mawaƙan Ingila The Beatles a faifai sannan ya sake su suka tafi. Idan haka ne, ina kunnen da ɗanmu mai sutudiyo yake yabo?

Ɗalibi Daga Taura:
Haka ne, Kawu. A watan Yunin 1961, lokacin suna samari suna kiɗa a gidajen rawa na Hamburg ba wanda ya san su, ya ɗauke su su yi wa wani mawaƙin Ingila mai suna Tony Sheridan kiɗa, aka yi ɗaukar a wani zauren taro a Harburg, aka fitar da My Bonnie da sunan Tony Sheridan da Beat Brothers. Wannan faifan ne aka je nema a kantin Brian Epstein a Liverpool, shi kuma ya bi sawunsu ya zama manajansu, kuma a 1962 Kaempfert ya sake su daga yarjejeniyar da ke tsakaninsu. Za a iya cewa bai hango abin da za su zama ba, amma a Ingila ma kamfanin Decca ya gwada su a farkon 1962 ya ƙi ɗaukarsu. Ni abin da na fi lura da shi shi ne bai riƙe su da takarda ya hana su gaba ba, alhali yana da damar yin haka.

Malam Na Garki:
Na karanta duk abin da aka rubuta, kuma na sake sauraro yadda yaron nan ya ce, na ji jitar da yake nufi, na yarda akwai hannun gwani a wurin. Amma ku ba ni amsar wannan. Wane aiki nasa ne duniya ta fi sani a yau? Strangers in the Night ne, wanda mawaƙin Amurka Frank Sinatra ya rera a 1966. Karin ya fito ne daga kiɗan da Kaempfert ya yi wa wani fim, sai da Charles Singleton da Eddie Snyder suka ɗora masa kalmomi, mai murya ya rera, sannan ya hau kan gaba a Amurka da Ingila. Moon Over Naples kiɗa ne kawai, sai da aka sa masa kalmomi Al Martino ya rera shi da sunan Spanish Eyes ya zama abin da ya zama. Danke Schoen sai da Wayne Newton ya rera a 1963, L-O-V-E kuma Nat King Cole. Duk inda aikinsa ya kai ƙololuwa, harshe ne ya kai shi. Ashe maganata ta farko tana nan.

Ɗan Sutudiyo:
Malam, Allah ya gafarta, ai wannan jerin da ka kawo shi ne hujjata. Manyan mawaƙa huɗu, kowanne da salonsa, duk suka zo suka ɗora muryarsu a kan karin mutum ɗaya, kuma a mafi yawansu karin ne ya riga kalmomin zuwa. Mai kalmomi ya zo ya tarar da gini ne ya shiga. Kuma waɗanda suka saurari Sinatra a Japan ko a Brazil ko a nan Kano, nawa ne a cikinsu suka san abin da yake faɗa? Karin suka riƙe, shi suke yi da fito a kan hanya. Mu ma nan shaida ne, iyayenmu sun haddace waƙoƙin finafinan Indiya ba tare da sun ji Indiyanci ba.

Akwai wani abu kuma da zai ba ku mamaki. Waƙar da Sinatra ya rera ba Kaempfert ne ya tsara mata kiɗa ba, wani Ba'amurke ne mai suna Ernie Freeman, kuma ya sami lambar Grammy a kan wannan tsarin. Wato a can an ware wa mai tsara kiɗa lambar yabo tasa shi kaɗai, ana rubuta sunansa a jikin faifai. Shi Kaempfert ma yana da abokin aiki, Herbert Rehbein, wanda suka rubuta kiɗe-kiɗe da yawa tare, kuma sunansa yana nan a rubuce kusa da nasa. Rehbein ya mutu a 1979, shi kuma ya bi shi shekara ɗaya bayan nan.

Hajiya Malama:
Tun da an kawo Strangers in the Night, a faɗi sauran labarin. An yi ta jayayya a kan wanda ya ƙirƙiro wannan karin. An danganta shi ga mawaƙin Kuroshiya Ivo Robić, wanda Kaempfert ya yi aiki da shi a Polydor, wani makaɗin fiyano mai suna Avo Uvezian ya ce nasa ne, wani Bafaranshe kuma, Philippe-Gérard, ya kai ƙara yana cewa daga nasa aka ɗauka, kotu ba ta ba shi gaskiya ba. Ban ce ya sata ba, tun da hukunci bai tabbatar ba, kuma sunansa ne a rubuce har yau. Abin da nake nunawa shi ne, su waɗannan suna da lauyoyi da takardu da jaridun da za su buga kukansu, shi ya sa muka san da jayayyar. Mai busa sarewar kwano a titin Johannesburg ba shi da ko ɗaya.

Baba Hedimasta:
Ni dai matsayina a kan tambayar da na yi shi ne fasihi ne, amma fasaharsa ta sutudiyo ce, ba ta dandali ba, kuma wannan ne ya sa take yi mana wuyar aunawa, domin mu mun saba ganin makaɗi da idonmu yana gumi a gaban jama'a. Mutumin ya daɗe yana sayar da fayafayai a duniya kafin ya yarda ya riƙa fitowa gaban taro, sai a 1974 ya tsaya da makaɗansa a zauren Royal Albert Hall na Landan, a nan kuma ya yi wasansa na ƙarshe a watan Yunin 1980, kwanaki kaɗan kafin shanyewar jiki ta yi ajalinsa. A 1993 aka sa sunansa a zauren girmama marubuta waƙoƙi na Amurka, a Barmbek kuma akwai dandalin da aka raɗa wa sunansa. Amma ban sa shi sahu ɗaya da Shata ba, Malam, domin Shata yana ƙirƙira nan take a tsaye, da kari da kalma gaba ɗaya, babu takarda. Sai dai ko a wurin Shata, wani ne yake riƙe da jagorancin kalangai, kuma mutum nawa ne a zauren nan zai iya kawo sunayen makaɗansa ba tare da ya tambaya ba?

Malam Na Garki:
Baba, a kan makaɗan Shata ka kama ni da mu duka, amma ban sauka daga kan maganata ba, kalma ce take sa kiɗa ya daɗe. Abin da nake so yanzu shi ne a turo mini na ɗan Ganan nan na asali, in sa shi kusa da na Bajamushen, in ji da kunnena abin da aka ƙara da abin da aka zubar. Idan na tarar ganga ce aka rage aka cika wurin da sarewa da goge domin kunnen Bature ya huta, to Hajiya ce ta fi mu duka gaskiya.

Kawu Mai Rediyo:
A turo su biyun nan zaure kowa ya ji, amma don Allah kada a saurara da sifikar waya, domin ba ta fitar da murya mai kauri, jitar da ake ta magana a kanta ba za ta fito ba, gangar ɗan Ganan ma haka. Wanda ba shi da abin sawa a kunne ya biyo ta rumfata ranar kasuwa da katinsa, zan sa masa a babbar sifika.